Bangon da Na Gina a Baranda

Kafanchan, 9 ga Fabrairu, 1976

Angona Jonathan,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Ina fata kana lafiya, kuma 'yan matan Zariya ba su ƙwace mini kai ba tukuna. In sun gwada, ka gaya musu matarka ta gida tana da taɓarya.

Barandar da marigayi kakanka ya bari a gaban gida, na mai da ita ɗaki. Naka ne, don ka gama karatu ka dawo ka koyar a nan. Ban kira magini ba. Rufin kwano yana nan, ginshiƙai suna nan, me ya rage in ba bango ba? Matan zumunta suka taya ni kwaɓa ƙasa muka buga bulo, ni na ɗora da hannuna. Layin farko ya fito kamar tafiyar mai dawowa daga gidan burkutu. Baba Kambai, abokin kakanka tun suna aikin reluwe, yana kan bencinsa kamar kullum yana ɓare mini gyaɗa. Ya duba, ya sake dubawa, sai ya tashi ya nemo igiya ya ɗaura mata dutse, ya ce tunda bangon zai tsaya, gara ya tsaya daidai. Kwana tara yana riƙe igiya ina ɗorawa. Da muka kai tsayin taga ya tambaye ni inda za a sa bencin. Na ce ciki mana, ina kuma? Sai ya ci gaba da riƙe igiyarsa.

Ka zo da Ista ka ga ɗakinka. Kada ka zo mini da wannan gashin kamar buhun auduga.

Matarka ta fari,
Kaka Lai'atu


Zariya, 2 ga Maris, 1976

Zuwa ga Kakata,

Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi, na sami wasiƙarki, na kuma gode da wahalar da kika sha domina. Amma Kaka, da kin tambaye ni tun kafin a kwaɓa ƙasa. Bana za a tura ni bautar ƙasa a kudu, bayan haka akwai aikin da ke jirana a Ikko. Na daɗe ina neman yadda zan faɗa miki.

Abu ɗaya ya tsaya mini a rai. Yanzu ina Baba Kambai yake zama? Kin san shi dattijon ikilisiya ne, ke kuma gwauruwa. A baranda duk mai wucewa yana ganinku, ba mai abin faɗa. Ɗaki mai ƙofa kuwa, ban ga yadda zai shiga ba.

Ki gaishe shi. Ubangiji ya kiyaye ki.

Jikanki,
Jonathan


Kafanchan, 16 ga Mayu, 1976

Jonathan,

Gaisuwa. Yau ban kira ka ango ba, na sake ka, ka je Ikko su ciyar da kai garin rogo.

Ɗaki dai in ba ka kwana ciki ba, kaji za su kwana. Tambayarka ce ta hana ni amsa maka wata biyu. Kai kana Zariya ka gani, ni da nake tsaye da ƙasa a hannu ban gani ba.

Da na gama shafe, Baba Kambai ya ci gaba da zuwa da yamma. Sai ya tsaya a bakin taga mu gaisa, in miƙa masa kunu ya sha a tsaye, ni ina ta tsokanarsa wai ya zama ɗan sanda mai gadin gidana. Na ce in fitar masa da benci bakin hanya, ya ce shi ba mai sayar da lemo ba ne. Ranar da ruwan farko ya sauko yana nan tsaye, rigarsa ta manne masa a jiki. Na buɗe ƙofa na ce ya shigo, tsofaffi biyu wa zai kula da mu?

Ya ce, "Lai'atu, kin san ba zan shiga ba."

Sati biyu bayan haka 'yarsa Hellen ta zo da mota ta kwashe shi zuwa Kagoma. Ita ta gaya mini shekara shida tana roƙonsa ya koma wurinta, yana cewa yana da aiki a Kafanchan. Shekara shida ke nan da rasuwar kakanka. Aikin nan, Jonathan, ɓare gyaɗata ne. Wannan karon da ta tambaye shi, ya ce aikin ya ƙare.

Yanzu in jirgin ƙasa na yamma ya yi kuka, a ɗaki nake jin sa ni kaɗai, ba mai ce mini ya makara da minti goma. Na aika wa Baba Kambai takarda ta hannun direban motar kasuwa, na ce zan rushe bangon gaba in ya dawo.

Ka riƙa cin abinci.

Kakarka,
Lai'atu


Kagoma, 6 ga Yuni, 1976

Zuwa ga Mama Lai'atu,

Gaisuwa cikin sunan Yesu. Takardarki ta iso, na karanta sau uku domin rubutunki bai canja ba.

Kada ki rushe bangon. Miƙaƙƙe ne, ni na riƙe igiya. Ɗakin da nake haya an ba wani, ƙafafuna kuma tun ruwan nan ba sa kai ni ko majami'a sai an riƙe ni. Laifin ba naki kaɗai ba ne. Kwana tara ina da baki ban yi magana ba.

A nan ma akwai gyaɗa, amma jirgi ba ya jiyuwa sosai.

Naki cikin Ubangiji,
Kambai


Kafanchan, 13 ga Yuni, 1976

Baba Kambai,

Gaisuwa. Takardarka ta makara, kamar jirginku. Na riga na rushe shi da taɓarya tun ranar Talata, kuma mun gina shi da ƙarfi, kafaɗata ta shaida.

Benci ya koma wurinsa. Gefenka ba na barin kowa ya zauna.

Lai'atu