Kofuna Uku Wayam

Litinin, 4 ga Agusta, 1975
Farin Dutse. An sauke ni gidan Malam Dabo, mai shanu. Aikin dai: in naɗe wando in zauna a ɗaki, duk sauron da ya sauka a ƙafata in zuƙe shi da bututun gilashi in juye a kofi. Kowace awa da kofinta, daga magariba zuwa asuba. Likitan da ya turo ni yana son sanin lokacin da suka fi tashi, da garin da suka fi yawa, don maganin feshin gari ɗaya kawai zai isa. Abokan karatuna suna Kano, ni ina nan ina ciyar da sauro.

Alhamis, 7 ga Agusta
Kwana uku ke nan barci yana sace ni daga ƙarfe biyu har assalatu. Kofuna uku wayam. Na rubuta huɗu, shida, uku. Gobe takardar za ta tafi wurin Likita.

Asabar, 9 ga Agusta
Ciwon haƙori ya hana ni runtsawa. A awoyin nan uku na kama saba'in da ɗaya. Ashe lokacinsu ke nan.

Laraba, 13 ga Agusta
Birnin Kudu. Likita ya ce garin Kangire za a fesa, "tunda Farin Dutse da sauƙi, ko Iliyasu?" Na ce haka ne, ranka ya daɗe.

Lahadi, 17 ga Agusta
Safiyatu, 'yar autar Malam Dabo, zazzaɓi har da sanƙarewa. Duk da haka ya kawo mini fura da kansa. "Sha, Malam, kai da kake ba da jininka dominmu." Na ajiye ƙwaryar. Na shiga ɗaki, na fita, na shiga.

Talata, 19 ga Agusta
Na faɗa wa Likita gaskiya. Ya daɗe yana goge tabarau. Ya dakatar da feshin, ya ce in sake daga farko, mako biyu. In na kuma, in ajiye bututun.

Juma'a, 22 ga Agusta
Safiyatu ta sha kunu. Jiya na gyangyaɗa wajen ƙarfe huɗu. Na bar gurbin, na rubuta "barci".

Lahadi, 24 ga Agusta
Yau hutuna ne. Motar Gwaram da zan hau ta zo ta tsaya, ta gaji ta wuce. Ba wai wani abu ba, hadari ne ya haɗo, ina so in ga ko bayan ruwa sun fi tashi. Na wanke kofunan.