Ranar Asabar Ba Zan Kalle Ki Ba

Zuwa ga Zahara'u, farin badon tafkin Madarumfa, inuwar gawo a tsakiyar bazara, fitilar da ba ta taɓa neman isans, wato man fetur, a hannuna ba!

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da Inna da kowa na gida, ni ne dai Ɗan Azumi mai gurup, injin ba da wuta, mutumin da ya jefa rabin gari cikin duhu saboda ke. Yau mako uku ke nan ina kiranki kina kashewa. Na gaishe ki a bakin famfo, kika amsa wa bokitinki. Ban ga laifinki ba, wallahi. Ni ma da zan iya, da na daina yi wa kaina magana.

Kin tuna daren, ko in tuna miki? Filin wasan Lawali ya cika, kalangu na kuka, ni kuwa ina bayan katanga inda aka ajiye ni da injina, ina shaƙar hayaƙi. Aikina ɗaya ne tak a duniya: in tanki ya yi ƙasa in ƙara mai. Sai na ji sanƙira ya kira sunanki, wai Zahara'u ta shigo fili. Wayyo zuciya! Na ce bari in leƙa sau ɗaya in dawo. Na leƙa, na ga shuɗin gyalenki yana tashi kamar belbela ta bar ruwa, na ga yadda kike ɗaga ƙafa kamar ƙasar ce ke roƙonki ki taka ta. Wane isans? Wane tanki? Ko sunan ubana aka tambaye ni a lokacin, sai na yi tunani.

Sai gurup ya yi tari sau biyu, ya mutu. Fitilu suka ɗauke, mikoro, abin maganar sanƙira, ya yi shiru, kina tsakiyar fili ƙafa ɗaya a sama. Da abin ya tsaya nan, da da sauƙi. Amma sanƙiran nan, Allah ya shirye shi, ba ya bukatar mikoro. Ya buɗe maƙogwaro ya shaida wa jama'a cewa mai gurup ya bar aikinsa ya zo kallon Zahara'u, ga shi nan riƙe da mazurari. Aka haska ni da wayoyi. Da gaske kuwa mazurarin na hannuna, bakina a buɗe. Aka yi ta dariya, kuma da sunanki aka yi ta, a gaban yayanki Abdurrahman. Wannan ne ke hana ni barci. Tawa kunyar na saba da ita, taki ce ban san inda zan kai ta ba.

Tun daga ranar, mata masu suyar kifi ba sa kirana da sunana, sai Ɗauke-Wuta. Ko kuran ɗin gari, wato lantarki, ya tafi, sai a waiwayo a dube ni. Yayanki kuma ya aika wa kawuna cewa kada ya wahalar da kansa ya zo gaisuwar neman aure, don wanda ya kasa riƙe inji na awa uku ba zai riƙe masa ƙanwa ba. Na so in yi fushi, na juya maganar ta kowane gefe, na rasa inda ya yi ƙarya.

To, ga abin da ya sa na ɗauki biro. Ranar Asabar mai zuwa makaɗa za su zo daga Maradi, da jita da kalangu da wata zabiya da aka ce muryarta na tsayar da mai kaya a kai. Bayan sallar isha'i za a fara. Lawali ya sake ɗaukata, ba don ya yafe ba, sai don ɗaya mai gurup ɗin ya tafi biki garin Ɗan Issa. Ya rantse in na matsa taku uku daga injin, sai ya ɗaure ni da igiyar tayarwa. Kawuna kuwa ya yi ta bin Yaya Abdurrahman har ya sassauto, ya ce zai zo da kansa ya zauna. In wuta ta kai ƙarshen wasa ba ta ƙifta ba, a zo a yi magana. In ta ƙifta, in nemi wata.

Wata wa? Ina zan samo ta? Shin tafki biyu ne a Madarumfa?

Ki zo, Zahara'u, don Allah ki zo! Kada kunyar da na jawo miki ta zaunar da ke a ɗaki kina jin kiɗa daga nesa. Ki ɗaura shuɗin gyalen nan, ki shiga fili, ki rama rawar da na yanke miki. Kowa zai gan ki: masunta, masu lambu, direbobin Katsina, har sanƙiran da ya tona ni. Mutum ɗaya ne ba zai gan ki ba a garin nan, shi ne wanda ya fi kowa so. Zan ji an kira sunanki, ƙafafuna za su ce tashi, ni kuma zan rungume jarkar isans in kafa wa katanga ido kamar jakin da aka ɗaure a rana.

In kin ɗaga kai kin ga fitilar da ke bisa kanki tana ci ba ta rawa, ki sani ni ne a bayan katanga nake ta fama da wuyana kada ya juya. Ban iya waƙa ba, ban iya rawa ba, abin da nake da shi ke nan. Na haƙura da kallon dare ɗaya don in samu na sauran kwanakina.

Naki har gashina ya yi fari, mai ƙaunarki da ba zai ƙara barin ki cikin duhu ba,

Ɗan Azumi mai gurup