Yaran da muka ɓoye a bayan sito

Assalamu alaikum jama'ar wannan gida, Admin a sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara, abin nan ya tsaya mini a maƙoshi.

Ni tsohuwar ma'aikaciyar lafiya ce, na yi ritaya ina zaune a Gwandu. A ƙarshen shekarun tamanin ina aiki a wani ɗan asibiti a ƙasar Kalgo, sai aka tura oganmu kwas na shugabancin ma'aikatan lafiya. Ya dawo da jaka da satifiket da Turanci cike da baki, kullum sai ya tara mu ya ce shugaba nagari shi ne mai tsari. Tsarin nasa kuwa bai wuce fararen zannuwan gado da ya kulle a kabad ba, majinyata suna kwana a kan leda.

Ana nan sai aka aiko cewa malaman kwas ɗin za su zo su ga yadda yake aiki da abin da ya koya. Lokacin ƙyanda ta shigo, muna da yara a kwance, har da ɗiyar wata Bafulatana daga wajen Diggi da ake yi wa ƙarin ruwa. Oga ya ce a kwashe su duka a kai rumfar bayan sito, wai kada baƙi su ga ƙazanta. Na ce yarinyar nan ba ta ɗaukuwa, ya ce in ba zan iya ba akwai masu neman aikina. Wallahi da hannuna na cire mata ruwan na ɗauke ta. Aka shimfiɗa fararen zannuwa, aka kwantar da 'ya'yan masinjan asibitin guda biyu lafiyarsu garau, har da ba su alewa don su yi shiru. Baƙi suka zagaya suna gyaɗa kai, suka ci kifi suka sha lemo, ba su tafi ba sai bayan la'asar. Ko da na koma rumfar, yarinyar ta cika. Uwar ta goya gawar ta ce mini, "Sannu da ƙoƙari, malama." Tir! Har yau in na tuna ƙyamar kaina nake ji, tasa kuwa ba a magana.

Yanzu ya tsufa, shi ake gayyata yana koya wa sababbin ma'aikata shugabanci, ko kunya babu. Ɗalibansa za su karrama shi, kuma shi da bakinsa ya ce a kira ni in ba da shaida, don ni kaɗai na rage cikin waɗanda suka yi aiki a ƙarƙashinsa. Maigidana ya ce in rufa asiri, rai na Allah ne, wataƙila dama kwananta ya ƙare. Na san da haka, amma zuciyata ta ƙi kwanciya.

To jama'a, in ƙi zuwa in bar shi ya sha tafi, yara suna rubuta maganarsa a littafi? Ko in je in faɗi gaskiya a gabansu? In kuwa na tashi faɗa, da sunan wa zan fara, nasa ko nawa?