Abin da 'Yar Baba Ta Ɓoye Mini

Litinin, 3 ga Maris
Yau ma 'Yar Baba ba ta je makaranta ba. Ciwon ciki. Tana duƙunƙune a kan kujera, abinci ko kallonsa ba ta yi. Yarinya 'yar shekara shida duk ta zube, rigar makarantar ma ta yi mata yawa. Ni kuma na ajiye mota, fasinjojina sun bi wani.

Alhamis, 6 ga Maris
An yi hoto, an ɗebi jini. Wai ba a ga komai ba. Na ce wa likitan, "To ƙarya take yi ke nan?" Ya ce ciwon gaskiya ne, amma ba a cikin hanji yake ba. Ya tura mu wurin wata likita mai sa yara su nutsu, su shiga wani hali tsakanin barci da farke, sannan ta yi magana da su. Ikon Allah! Ni sihiri na ɗauka. Yaya ta ce in rufe mata baki in kai yarinya.

Asabar, 15 ga Maris
Mun je. Ɗaki ne ɗan ƙarami, kujera mai laushi, kwandon 'yan tsana a gefe. Ba allura, ba ƙwaya. Likitar ta zaunar da ni a bayansu, ta ce kada in tanka komai na ji. Ta tambaye ni ina umman yarinyar. Na ja ta waje na gaya mata: ta rasu bara, yarinyar tana gidan Yaya lokacin, mun ce mata tafiya ta yi. Ta ce ya kamata a faɗa mata gaskiya. Raina ya ɓaci. Ciki na kawo a duba, ba gidana ba.

Amma na ga abin mamaki. Likitar ta sa yarinyar ta ja numfashi a hankali, ta ce ta ɗauka akwai balan-balan a cikinta. Kafaɗun yarinyar suka saki. Rabon da in ga fuskarta haka na manta.

Lahadi, 16 ga Maris
Ta ci abinci. Kaɗan dai.

Asabar, 22 ga Maris
Innalillahi. 

Yau likitar ta ce mata ta leƙa cikin nata ta faɗi abin da ta gani. Idonta a rufe, muryarta ƙasa-ƙasa, ta ce akwati ne mai nauyi. Me ke ciki? Ta ce magana ce, ba a faɗa.

"Umma ta mutu," in ji ta. "Na ji Gwaggo tana faɗa a waya. Amma Baba bai sani ba. Kullum cewa yake za ta dawo. In ya ji zai yi kuka."

Wallahi ji na yi kamar an kwaɗa mini sanda a ƙeya. Na yunƙura, likitar ta ɗaga mini hannu ba tare da ta waiwayo ba. Haka na koma na zauna, na cusa hula a baki.

Tun bara! Ni ina ɓoye mata, ita tana ɓoye mini. Duk ranar da na ce "in Umma ta dawo", sai ta gyaɗa kai ta yi murmushi. Ashe lallaɓa ni take yi.

Lahadi, 23 ga Maris
Likitar ta ce ba aikinta ba ne ta faɗa a madadina. Da safe na ɗora yarinyar a cinya, na ce, "'Yar Baba, na sani. Umma ta rasu." Ta zaro ido, ta ce, "Wa ya gaya maka?" Sai ta kama fuskata da hannu biyu tana ba ni haƙuri. Ni take ba haƙuri. Daga baya ta yi kukan da ban taɓa jin irinsa ba, har maƙwabciyarmu ta ƙwanƙwasa ƙofa.

Laraba, 26 ga Maris
Ta je makaranta. Cikin ya ɗan murɗa a hanya, ta tsaya ta yi numfashinta, muka wuce.

Asabar, 5 ga Afrilu
Ina wanke mota ta zo ta zaunar da ni a kan bokiti, wai yau ita ce likita. "Rufe ido, Baba. Ina ke maka ciwo?" Na ce ni ƙalau nake. Ta ɗauki hannuna ta ɗora mini a ƙirji, ta ce in ja numfashi.

Na rufe idon dai, don kada ta ji haushi. Sabulun har ya bushe a jikin motar ban tashi ba.