Tsohon Takun Maharbi

Manila, 2 ga Agusta, 1994

Kuya Doming, yayana,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da matarka Ate Luring da dukan mutanen Iloilo. Kada ka yage takardar nan don ka ga rubutuna. Na san shekara tara ke nan rabonmu da magana, tun ranar jana'izar Nanay, mahaifiyarmu, da na ce maka a gaban jama'a ka sace min ɗa ka mai da shi ɗan rawa. Na faɗa, ban musa ba. Yau ga ni a ƙofarka, kuma ka san Pacita ba ta durƙusawa sai kaya sun yi mata nauyi.

Maganar ɗan nawa ce, Efren. Kamfaninsu na rawar bale, irin ta Turawa, zai sake fito da tsohon wasan nan na maharbi a watan Disamba. Shugabarsu, Madam Villaruel, wadda kuka yi rawa tare a zamaninku, ta ce ranar ashirin ga Satumba maza biyu za su taka rawar da maharbin ke yi shi kaɗai, ta zaɓi ɗaya. Efren ne da wani Alvin Macaraeg. In Alvin ya faɗi, shekararsa ashirin da ɗaya, gobe ma rana ce. In Efren ne, shekararsa talatin da biyu, kuma an riga an raɗa masa ba za a sabunta masa kwantiragi ba.

Na rufe shago na je na kalli gwajinsu. Ni ba malamar rawa ba ce, amma shekara talatin ina sayar da yadi a kasuwar Divisoria, na san kaya. Alvin irin yadin nan ne mai ƙyalli da ke kiran mai saye tun daga bakin layi. Tsallensa kamar farashin shinkafa, in ya hau sai ya ga dama yake saukowa. Amma da ya sauko sai ka ga ba kowa a cikin rigar. Efren kuwa saƙar hannu ne, sai ka matso. Kai kawai zai juya, ka rantse akwai barewa a bayan labule.

Tsarin takun shi ne matsalar. Na yanzu, wanda wani baƙo ya zo ya koya musu, yana ƙarewa da juyi biyu a sama, sannan mutum ya dira a kan gwiwar dama. Gwiwar daman Efren kuwa likita ya ce jijiyarta ta zama tsohuwar roba. Na ce, "Dokta, sau nawa za ta ɗauka?" Ya ce, "Aling Pacita, ni ba boka ba ne. Wataƙila goma, wataƙila ɗaya."

Efren ya ce akwai tsohon taku, wanda Maestro Ilustre ya koya maka. Kiɗan ɗaya ne, amma babu dira a gwiwa. Ba a rubuta shi ba, ba a ɗauke shi a kaset ba, Maestro ya rasu, kai kaɗai ka rage. Shi kunya ta hana shi roƙonka. Ni tawa na sayar tuntuni.

Ka zo. Tikitin jirgin ruwa a kaina.

Ni ce ƙanwarka,
Pacita

Iloilo, 11 ga Agusta

Pacita,

Takardarki ta same mu lafiya. Luring tana gaishe ki.

Idonki bai yi miki ƙarya ba. Irin su Alvin kowace shekara ana haifarsu, kuma don su aka yi sabon tsarin: a zagaye dandamali da manyan tsalle, a faɗi a gwiwa, a tafa. Na Maestro ma minti ɗaya ne da daƙiƙa goma, amma nasa maharbin yana sanɗa. Ƙananan tsalle ne, ƙafafu suna bugun juna a sama sau shida kafin su taɓa ƙasa, daga kusurwar baya zuwa ta gaba. A ƙarshe ya tsaya cak a kan ƙafar hagu, ya sauke bakan bai harba ba. Ya fi wancan wuya, sai dai ba ya cin gwiwa. Kamar da jikin Efren aka auna shi.

Amma ba zan zo ba. Kada kuma ki ce in rubuto, ba girki ba ne da za a ce cokali biyu na gishiri. Jiki ke ba jiki. Maestro ya tsaya a gabana ya taka, na bi bayansa, shi ma haka ya karɓa daga malaminsa.

Ki ce wa Efren ya janye. Akwai makarantu masu neman malami. Ana rayuwa bayan dandamali, ni shaida ne.

Allah ya sawwaƙe masa.

Yayanki,
Dominador

Manila, 19 ga Agusta

Kuya,

Ina gaishe ka, don Nanay ta koya mana gaisuwa ko da ana faɗa.

Ka kwatanta min kayan, ka yabe su, ka ce da ɗana aka auna, sannan ka rufe shago! Ko ɗan Divisoria ba ya wannan mugunta.

Na karanta wa Efren maganar janyewa. Yana zaune da ƙanƙara a gwiwa, ya yi dariya ya ce min, "Nay, shekara ashirin ina tsaye a bayan wasu riƙe da mashi. Sau ɗaya aka kira sunana, sai in ce ba na nan?" Ya ci gaba da gwada sabon takun. Ni ke ƙirgawa. Ya dira sau huɗu. A ta huɗun na ji ƙarar daga bakin ƙofa, mai fiyano ma sai da ta ɗaga hannu. Ya miƙe yana murmushin nan nasu na 'yan rawa, wanda kai ka koya masa. Alvin ya matso ya ce, "Kuya Efren, ka huta mana, kada a ce ni na kashe tsoho." Efren ya ce, "Kai dai ka koyi tafiya tukuna, tsalle ko kwaɗo ya iya." Aka yi dariya. Da muka fito bai iya hawa motar haya ta jifni ba sai da na tura shi.

Don haka na yanki yadi shida na siliki na tafi wurin Madam Villaruel. Ta kalli ƙunshin ta ce, "Aling Pacita, nan ba kasuwa ba ce." Na ce, "Madam, ko'ina kasuwa ce, kayan ne suka bambanta." Ta mayar min da silikina, amma ta saurara. Ta ce ɗan rawa ba ya canza taku don ƙafarsa na ciwo, kowane taku da mai shi. Ta ce ta tuna na Maestro, ta tsaya a gefen labule ta kalle ka kana yi sau ba adadi, amma takun maza ne, bai taɓa shiga jikinta ba. "In Doming ya shigo ɗakin nan ya dasa shi a jikin Efren, zan kalla, in gwada shi da na Alvin. Ban da 'an ce'."

Ka ji. Ƙofa a buɗe, kai ne makullin. In maganar jana'iza ce, ka zo ka mare ni a tsakiyar kasuwa, ni zan tara maka 'yan kallo. Amma Allah ya bar maka ƙafafunka biyu lafiya kana zaune kana shan iskar teku, ɗan ƙanwarka yana shirin rasa tasa. Ka ji tsoron Allah.

Pacita

Iloilo, 28 ga Agusta

Pacita,

Muna gaishe ki.

Ƙafa ɗaya ce. Ciwon sukari. Shekara uku ke nan da aka yanke ta hagun daga ƙasan gwiwa, wadda maharbin ke tsayawa a kanta. Ni na hana Luring ta gaya wa kowa a Manila.

Maganar jana'iza ta daɗe da fita raina. Ba fushi nake ba, ba ni da abin da zan nuna ne. Wani lokaci da safe nakan ji kiɗan a kaina, ƙafar da babu ta fara bugawa, sai in duba. Kina so in tsaya a gaban madubi in ce wa Efren "bi ni"? Ya bi me?

Kuma ɗakin gwajin a sama yake. A da, da hannu ɗaya nake ɗaga Villaruel sama da kaina. Ba zan yarda ta ga ana ɗaga ni a matakala kamar buhun shinkafa ba.

Ki yafe min. Ki hana shi dira ta biyar.

Doming

Manila, 4 ga Satumba

Kuyana,

Na karanta takardarka a shago, wata mata na tayin leshi. Na ba ta a yadda ta taya don ta tafi. Maƙwabciyata ta ce, "Pacita, wa ya mutu?" Na ce bakina ne ya kamata ya mutu. Kai ka yafe min, na jana'iza da na ƙafafu biyu.

Ban iya hana shi ba. Bakwai yanzu.

Amma saurara. Ka tuna teburin Nanay? Kana cin abinci, hannuwanka suna rawa a gefen faranti, na dama ƙafar dama, na hagu ƙafar hagu, suna bugun juna, yatsa yana juyi, kana ƙirga a ƙasan maƙoshi. Har ranar da ka kifar da miyar kifi Nanay ta bi ka da ludayi. A jifni ma haka kake, mutane suna matsawa sun zaci aljanu ne. Ni da nake zaton haukarka ce kai kaɗai, sai ga shi duk 'yan kamfanin nan haka suke a baranda kafin su shiga, har Alvin.

Na gaya wa Efren komai, ka yi haƙuri. Ya saurara har ƙarshe. Sannan ya ce, "Nay, ai rabin abin da na iya da hannu Tiyo Doming ya nuna min. In ya zauna a kujera ya yi, ƙafata za ta karanta." Madam kuwa ban gaya mata ba. Wannan naka ne.

Matakalar ashirin da biyu ce, na je na ƙirga. Mai gadi mutumina ne. Za mu kai ka da sassafe ni da Efren, kafin kowa ya iso, su shigo su tarar da kai a zaune kamar alƙali.

Saura kwana goma sha shida. Ban san ko sun isa ba, ban san ko Madam za ta zaɓe shi ba. Abin da na sani, in ba ka zo ba zai yi ta takwas da ta tara, har ta tsinke ina kallo. Ba ni da sauran wayo, Kuya. Wannan ne farashina na ƙarshe.

Ƙanwarka mai baki,
Pacita

Iloilo, 10 ga Satumba

Pacita,

Gaisuwa. Na gwada a kan teburin Luring. Hannun hagu ya manta taku huɗu na tsakiya, na dama ya tuna masa. Kofi ɗaya ya fashe.

Jirginmu zai iso ranar Alhamis da safe. Ki sallami mai gadinki. Ƙarfe goma zan hau matakalar, da sandata, lokacin da kowa yake nan. Ki tanadi kujera marar hannu.

Ki ce wa Efren kada ya yi ta takwas.

Yayanki,
Doming