Murfin Tukunya a Bayan Ummi

Daren Talata, Hadeja.

Ummi 'yar Yaya Hajara ta shekara biyu ba ta magana. 'Yar fari ce, uwarta ba ta kiran sunanta don kunya, shi ya sa ba wanda ya lura ba ta waiwayowa. Malam Sabo na asibitin unguwarmu ya ce, "Nauyin baki ne, gadon gidanku." Shi da ake koya wa lafiyar yara ta waya, ya kunna darasi ya wuce gonar shinkafa. Ni na saurari darasin a wayar abokin aikinsa, na ji an ce a gwada jin duk yaron da ba ya magana. Yau na buga murfin tukunya a bayan Ummi, ko motsi. Gobe sai babban asibiti. Wallahi takardar likita, ranar awo zan karanta wa Malam Sabo ita da ƙarfi, gaban matan unguwa.