Wayar Shugaban Ƙasa a Bakin Kwarinmu

Rafin Barewa, Montana
Watan Nuwamba

Zuwa ga yayana abin ƙaunata, Orrin,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Tempi da yara duka. Na ji ciwon ƙafarka ya tashi. Allah ya sauwaƙe, amma ka rage hawa rufin rumbu, yanzu kai ba yaro ba ne. Mu nan lafiya lau, sai godiya. 'Yata Delia ta kai ni kafaɗa, ta iya tatsar saniya da gasa burodi, sai dai surutu kamar kawunta. Mai gidana Wendell ma yana nan, amma ya rame, kuma dalilin ramar tasa ne ya sa na ɗauki alƙalami yau.

A takardarka ka ce ka ga hoton Shugaban Ƙasa a jarida bisa doki da faffaɗar hula, har kana cika wa maƙwabta baki cewa mijin ƙanwarka ne ya koya masa kiwo. To, ba ƙarya ka yi ba. Lokacin da ya zo mana daga gabas saurayi ne dogo siriri, ko sirdi bai iya ɗaurawa ba, makiyaya suna ce masa Ɗan Birni a gaban idonsa. Wendell ne ya nuna masa jifan igiya, shi ya tsamo shi daga kogi ranar da doki ya kayar da shi. A teburina ya ci wake da naman gishiri har ya yi kumatu. Kuma gaskiya ɗaya ce, mutumin kirki ne, bai taɓa gudun aiki ba. Ranar da zai koma gabas ya shiga siyasa, ya kama hannun Wendell a gabana ya ce ya riƙe masa filinsa da shanunsa kamar nasa. Ka san mutanen nan, ba ruwansu da rubutu, in namiji ya ba ka hannu ya gama magana. Tun ranar mijina yake ɗauke da wannan alkawari, kuma alkawari kaya ne.

Matsalar bana ta faro. Tun da ya hau mulki baƙi suke saukowa daga jirgin ƙasa su zo kallon bukkar katakon da ya zauna, wannan ya ɓalli katakon ƙofa, wancan ya zare ƙusa, wai tsaraba. Sai wakilansa suka aiko da waya mai ƙaya suka kewaye filin, tun daga bakin kogi har gindin duwatsu. Mutanen da ko warin saniya ba su sani ba! Suka ja ta suka toshe bakin kwarin kaf. Kai da ka yi hunturu ɗaya a nan ka san abin da nake nufi. In guguwar ƙanƙara ta taso daga arewa, shanu juya mata baya suke yi su miƙa kudu, ba mai kora, ba mai tsayarwa, har su faɗa kwarin su laɓe cikin itatuwa. Shi ya sa ba a taɓa jin wanda ya tare wannan hanya ba, ko da filinsa ne. Saniya in ta iske waya ba ta komawa cikin iska. Tsayawa take yi, na baya su danno ta, ƙanƙara ta rufe su a tsaye. Namu garken yana arewa da wayar, haka na maƙwabta, haka na shi Shugaban kansa.

Wendell ya rubuta masa har sau biyu. Amsar da ta zo daga wani magatakarda ce, godiya mai daɗi da hoton Shugaba, wai a rataya a bango. Na tabbata takardun ba su kai hannunsa ba, amma tabbacina ba zai buɗe waya ba. Sun kuma ajiye wani mai gadi, Rusk, da bindiga a gefen sirdi, yana bin shingen safe da yamma. Ya tare ni a shago ya ɗaga mini hula, yana murmushi ya ce in faɗa wa maza duk wanda ya taɓa wayar dukiyar Shugaban Ƙasa ya taɓa, in harsashi bai same shi ba alƙali zai same shi. Na ce masa to madalla, in sanyi ya zo sai ya koya wa shanun karatun doka.

Kuma sanyin bana, Yaya, ba na wasa ba ne. An yi fari, ciyawa ta ƙone tun ba ta kai idon sawu ba. Agwagin daji sun wuce kudu tun kafin lokacinsu, suna sauri kamar ana bin su. Gashin shanu ya yi kaurin da ban taɓa gani ba. Makon jiya Delia ta shigo da gudu ta ce ta ga farar mujiya zaune kan turken shinge da rana tsaka. Maƙwabcinmu tsoho Gunnar, wanda ya riga kowa zama a nan, ya ce sau ɗaya ya taɓa ganin irinta, kuma a waccan shekarar, da ƙanƙara ta narke, gawar shanu kogi ya yi ta kawowa. Ni ba mai camfi ba ce, ka sani, amma tun ranar gabana yake faɗuwa.

Ran Lahadi bayan an tashi daga coci maza suka kewaye Wendell. Suka ce shi ne amintaccen Shugaba, in shi ya sa hannu ya yanke wayar ba wanda zai ɗaure shi, su kuwa in suka yi sai kurkuku. Gunnar har da zolayarsa, wai ko yana jira ne a naɗa shi ministan shanu. Wendell ya cire hula ya jujjuya ta ya ce ba zai iya ba, amana aka ba shi. Muna isa gida na sauke masa kwandon masifa. Na ce hannunka ka ba shi, ba abincin Delia ba, kuma shanun da ka ce kana riƙe masa su ne za su fara mutuwa a jikin wayarsa. Ya ce ya sani, da mutumin yana nan da kansa zai yanke. Na ce to me kake jira? Ya dube ni da idanun da ba su yi barci ba ya ce, "Lavina, in na karya wannan, ban san me ya rage nawa ba." Wallahi haushinsa nake ji, tausayinsa kuma ya fi haushin.

To ga abin da nake so ka sani. Na karɓo almakashin yanke waya a wajen Gunnar, yana cikin buhun gari. Ranar da ƙanƙara ta fara sauka zan je bakin kwarin in buɗe wa shanu hanya. Ni ban ba kowa hannuna ba. Kada ka ɓata tawada wajen hana ni, kafin amsarka ta iso an gama komai, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Roƙona ɗaya ne: in ka ji an kama ni, ko abin da ya fi haka, ka zo da kanka ka ɗauki Delia ta zauna wajen Tempi har a ga abin da Allah zai yi. Kada kuma ka bari kowa ya zagi ubanta a gabanta. Ina tsoron bindigar Rusk, ba zan ɓoye maka ba, amma na fi tsoron fuskar Wendell ranar da zai ji.

Ka gaishe mini da Tempi da kyau, da Silas da 'yar auta Hetty, da Gwaggo Philura in tana iya gane sunana. Delia tana gaishe ku duka, ta ce kawu ya cika alkawarin takalminta. Ku sa mu a addu'a.

Zan tsaya nan don mai kai wasiƙu yana jira a waje, yana ta duban sama. Iska ta juya tun hantsi, arewa ta yi baƙi ƙirin. Wendell ya tafi wajen garke, wai zai gwada kora su gabas su zagaye duwatsu, abin da shi ma ya san ba zai yiwu ba. Ban faɗa masa komai ba. Amma da na leƙa yanzu, sai na ga goɗiyata ɗaure a bakin ƙofa, ya ɗaura mata sirdi kafin ya tafi, ya kuma ɗora babbar rigarsa ta sanyi a kai.

Ƙanwarka mai ƙaunarka kullum,
Lavina